Earl biyu a Mar ɗaya: a 1565 Sarauniya Mary mayarwa ta yi ko ƙirƙira?

Malam Habu: A Sikotlan yau mutum biyu ne ke amsa sarautar Mar, wato muƙamin Earl, babbar sarautar gado wadda in mace ce ke riƙe da ita ake kiranta Countess. Akwai Margaret, Countess ta 31, wadda ta gaji mahaifinta a 1975, akwai kuma James Erskine, Earl na Mar da Kellie (Kellie wata sarautar ce daban da ya haɗa), wanda ake ƙirga shi na 14 a Mar. Ƙasar Mar kuwa ɗaya ce, tsakanin kogin Dee da kogin Don, yamma da Aberdeen. Ni a gurina sarautar ma ɗaya ce tal, wadda ke hannun Margaret. Ta biyun kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ne ya haife ta da alƙalami a 1875, ya ce wai Sarauniya Mary ta Sikotlan ta ƙirƙiri sabuwar sarauta a 1565. Har yau babu mahaluƙin da ya ga takardar wannan ƙirƙira. Wanda ya gan ta ya kawo.

Barista Sani: Malam Habu, rashin takarda ba ya rushe sarautar Sikotlan ta wancan zamani, da yawansu a bainar jama'a sarki ya ɗaura wa mutum takobi aka yi shela, shi ke nan. Dubi abin da kwamitin ya dogara da shi tukuna. Takardar da Mary ta ba John Erskine a kan ƙasar Mar tana ɗauke da ranar 23 ga Yuni 1565. Bayan ta, John Erskine ya ci gaba da zama a majalisar sarauniya da sunansa na da, Lord Erskine, har ƙarshen Yuli. Ranar 29 ga Yuli Mary ta auri Darnley. Da shigowar Agusta sai ga shi a rubuce Earl na Mar. In takardar Yuni ce ta ba shi sarauta, me ya hana shi amsa ta fiye da wata guda? Kwamitin ya ce takardar Yuni gonaki da haraji ta bayar, sarautar kuwa a shagalin biki aka ba shi ita. Tun da babu takardar da ta faɗi yadda za a gaje ta, sai aka koma ga ƙa'idar da majalisar ta kafa a shari'ar Cassillis ta 1762: sarautar da ba a san sharaɗinta ba, ta tsatson maza take bi.

Hajiya Binta: Barista, ka fara daga tsakiya. Sai an koma 1404 za a gane me Mary take gyarawa.

Thomas, namiji na ƙarshe a tsohon gidan Mar, ya mutu bai bar ɗa ba. 'Yar'uwarsa Margaret, matar Earl na Douglas na farko, ita ta gaje shi. Ɗanta James ya faɗi a yaƙin Otterburn a 1388, daga baya sarauta ta faɗa hannun 'yarta Isabel. Kun ga tun a nan mata biyu sun riƙe Mar, uwa da 'ya. Aka kama mijin Isabel, Malcolm Drummond, ya mutu a tsare. Sai Alexander Stewart, ɗan gaba da Fatiha na Earl na Buchan, wato ɗan ƙanen Sarki Robert III, ya mamaye fadar Kildrummy, mazaunin masu sarautar Mar. Ranar 12 ga Agusta 1404 Isabel ta sa hannu a takardar da ta mallaka masa Mar shi da magadansa. Kowa ya san a wane hali ta sa hannun. Don a wanke abin, ranar 9 ga Disamba aka fito ƙofar fadar gaban shaidu, Alexander ya miƙa mata mabuɗai, ita kuma ta karɓe shi miji, aka rubuta takarda ta biyu. Wannan ta biyun cewa ta yi ya ci moriyar Mar iya rayuwarsa, in ba su haihu ba ta koma ga magadan Isabel. Ita ce sarki ya tabbatar a Janairu 1405. Ta Agusta ba ta samu wannan tabbaci a lokacin ba.

Isabel ta rasu a 1408 ba ɗa ba jika. Alexander ya ci gaba da riƙo, shi ne ma ya ja rundunar da ta tari Donald na Tsibirai a Harlaw a 1411. A 1426 ya miƙa Mar ga Sarki James I, sarki ya sake ba shi da sharaɗin in ya mutu ta koma ga ɗansa Thomas, in babu ta koma ga fada. Thomas ya riga uban mutuwa, uban ya bi shi a 1435, fada ta haɗiye Mar. To tambayar ita ce, mai cin moriya iya rayuwa yana da ikon miƙa abin da ba nasa ba?

Malam Habu: Madalla, Hajiya. Shi ya sa Robert, Lord Erskine, ya tashi. Ta wajen uwarsa Janet Keith jininsa yana komawa ga 'yar Gartnait, Earl na Mar, aka kuma yi zaman tantance magaji a 1438 aka tabbatar da shi. Fada ta yi ta ja masa rai, wai sai sarki ya balaga. Da James II ya girma, a 1457 aka zauna a Aberdeen yana nan da kansa, aka soke tantancewar 1438 aka jingina ga takardar Agusta, ta dolen nan. Sarki ne mai ƙara, a gabansa kuma aka yanke. Daga nan aka riƙa raba sarautar ga 'ya'yan sarakuna, ɗan James II, ɗan James III, har ɗan'uban Mary, James Stewart, ya ɗan riƙe ta a 1562 kafin ya koma Moray. Takardar Mary ta ambaci Isabel, ta ambaci Robert Erskine a matsayin magajinta, ta ce an hana su haƙƙinsu, ita kuma tana mayar musu. Mai mayarwa ba ya ƙirƙira.

Malam Lawal: Ku bar ni in ɗan rage wa kowa zafi. Malam Habu, hukuncin 1457 ko zalunci ne hukunci ne, ya kuma yi aiki fiye da shekara ɗari. Mutanen da suka amsa Earl na Mar a tsakani ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne, sun zauna a majalisa da sunan. Abin da ya sa lissafin Margaret ya kai 31 shi ne ana ƙirga Robert Erskine da waɗanda suka biyo shi a matsayin masu haƙƙi ko da ba su riƙe ba. Wannan lissafin masu nasaba ne, ba na wanda ya zauna a Kildrummy ba. Haka kuma masu cewa sarautar ta faro daga yaƙin Clontarf na 1014 saboda tarihin Ailan ya ambaci wani Domnall, shugaban Mar, cikin waɗanda suka mutu, sun yi nisa. Babu igiyar jini da aka iya ɗaurawa daga shi zuwa Ruadri, wanda ya shaida takardar kafa gidan ibada na Scone wajen 1115 zamanin Alexander I. Daga Ruadri ake fara ƙirga.

Barista Sani: Abin da nake so a riƙe ke nan. A wancan ƙarni sarauta da ƙasa a ɗaure suke, wanda ke riƙe da ƙasar shi ne Earl. Ƙasa ta shiga hannun fada a 1435, fada ta yanka ta ta rarraba, Kildrummy kanta gidan Elphinstone aka ba. To wace sarauta ce ta rage a sarari tana jiran Erskine shekara 130? Dalilin Lord Cairns da Lord Chelmsford da Lord Redesdale, 'yan kwamitin 1875, ke nan, kuma ba dalilin banza ba ne.

Hajiya Binta: Ba na banza ba ne, amma takardu huɗu na bayan 1565 sun ƙi shi, Barista, kuma uku daga ciki na Sikotlan ne.

A 1587 majalisar dokokin Sikotlan ta yi doka ta tabbatar da ɗan John Erskine a matsayin magajin Isabel. A 1626 babbar kotun Edinburgh ta yanke shari'a tsakaninsa da Lord Elphinstone, ta ce takardar Disamba ce mai inganci, Kildrummy ta koma hannun Mar. Wato kotun ƙasar ta riga ta ture tushen hukuncin 1457 tun kafin a haifi kakannin waɗanda suka zauna a 1875.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce jerin 1606. James VI ya gaji da rigimar wa zai gabaci wa a majalisa, ya kafa kwamiti, kowane mai sarauta ya kawo takardunsa. Aka sa Mar na bakwai cikin masu Earl, bayan Sutherland, gaban Rothes da Morton da Eglinton da Montrose da Cassillis. Rothes da Morton na wajen 1458 ne, sauran ukun na farkon ƙarni na 16. In da sarautar Mar ta 1565 ce, duka waɗannan su ne gaba da ita, kuma ba mutanen da za su yi shiru yaro ya zauna gabansu ba ne. A lokacin shekara 41 kacal da bikin Darnley, waɗanda suka halarta wasu na raye. Ba wanda ya tashi ya ce ai a gabana aka naɗa ubanka.

Ta huɗu ita ce dokar 1824. Wani John Erskine na baya, wanda ya kafa tutar tawayen Jacobite, masu neman mayar da gidan Stewart kan karaga, a Braemar a Satumba 1715 ya kasa cin nasara a Sheriffmuir, an tsige shi a 1716 da laifin cin amanar ƙasa, ya mutu a gudun hijira a 1732. Da aka mayar da sarautar a 1824, John Francis Erskine aka ba, dokar kuma ta kira shi jikan wanda aka tsige. Ta ina ya zama jika? Ta uwarsa, Lady Frances.

Barista Sani: Hajiya, wannan ta huɗun wuƙa ce mai kaifi biyu. Lady Frances ɗan baffanta ta aura, James Erskine, ɗan Lord Grange. Saboda haka John Francis magaji ne ta uwa, magaji ne kuma ta tsatson maza. Dokar 1824 ba ta raba gardama ba domin a jikinsa hanyoyin biyu suka haɗu. Auren zumuncin nan shi ya ɓoye matsalar har 1866, ranar da Earl na 26 ya mutu bai haihu ba. Sai hanyoyi suka rabu: ɗan 'yar'uwarsa, John Goodeve, a gefe guda, ɗan baffansa Walter Coningsby Erskine a ɗaya gefen. Kellie da gidan Alloa ba gardama, na maza ne, Walter ya ɗauka. Jerin 1606 kam na yarda yana da nauyi. Abin da aka amsa da shi a 1875 shi ne jerin bisa takardun da aka gabatar aka yi shi, kuma Earl na lokacin aminin sarki ne tun suna yara, tare suka tashi a Stirling.

Malam Habu: Aminin sarki ko ba amini ba, ƙa'idar Cassillis ɗin da ka kawo ai zato ce, hujja na rushe ta. A 1771 majalisar nan dai ta ba ƙaramar yarinya Elizabeth sarautar Sutherland a kan maza biyu masu nema, domin an nuna cewa a 1514 wata Elizabeth ta gaji ɗan'uwanta. Mace ɗaya ta isa a Sutherland. A Mar an nuna biyu, shi ya sa dole sai da aka ce tsohuwar sarautar ta mutu kafin a iya kauce musu.

Malam Lawal: Akwai abin da mai karatu daga ɓangarenmu zai iya ruɗewa a kai. A can babu masu zaɓen sarki da za su zauna su duba cancanta. Mai riƙe da sarauta na cikawa, ta riga ta sauka kan wanda sharaɗin gado ya nuna, ko jariri ne. Aikin majalisa ta gano wane ne, ba ta zaɓa ba. Shi ya sa kuskure a nan ke da wuyar gyara: hukuncin kwamitin ba shi da kotun ɗaukaka ƙara.

Abin ya kuma fito fili a Holyrood, fadar sarauta da ke Edinburgh inda ake zaɓen wakilan masu sarauta. Daga 1707 zuwa 1963 masu sarautar Sikotlan ba duka ke zama a Landan ba, mutum 16 suke zaɓa a kowace sabuwar majalisa, ana kiran suna bisa jerin da aka yi lokacin haɗewar Sikotlan da Ingila. A jerin Mar ɗaya ce, a tsohon gurbinta. Bayan 1875 sai ga mai sarautar 1565 yana amsa kira a gurbin da ya girmi 1565, wasu masu sarauta suna miƙa takardun ƙorafi zaɓe bayan zaɓe, Earl na Crawford na kan gaba. Wannan rikicin ne ya kai ga dokar 1885.

Barista Sani: Dokar kuma ba ta ce kwamitin ya yi kuskure ba, Malam Habu, ka lura. Ta ce akwai shakka ko tsohuwar sarautar ta koma ga fada kafin 1565, don haka ta mayar da ita ga John Goodeve, wanda ke amsa Goodeve Erskine, kamar ba a taɓa ƙwace ta ba. Hukuncin 1875 ba a taɓa shi ba. A doka, John Erskine na zamanin Mary ya riƙe sarauta biyu masu suna ɗaya, shi ne na 18 a tsohuwa, na 1 a sabuwa. Saboda haka kalmar jabu ba ta hau kan Mar da Kellie, majalisa ta gane ta, fada ta gane ta.

Malam Habu: Ban ce ba ta da ƙarfin doka yau ba. Na ce a 1565 ba ta wanzu ba, kuma shi kansa John Erskine, wanda ya yi riƙon sarautar Sikotlan daga 1571 zuwa 1572, da za a ce masa Earl biyu ne shi da sai ya tambayi ina ɗayar. Majalisa ta ga ta yi ɓarna, soke hukuncinta zai ƙwace wa wani abin da ta ba shi shekara goma da suka wuce, sai ta bar wa kowa nasa.

Hajiya Binta: A aikace ga yadda suke yanzu. Tsohuwar ana lissafa gabacinta daga 1404, shekarar takardun Isabel, shi ya sa sarautar Crawford ta 1398 ke gabanta a jeri duk da Mar ta girme ta a asali. Tana bin magaji mafi kusa, namiji in akwai a cikin 'ya'ya, in babu sai babbar 'ya ita kaɗai, ba a raba ta tsakanin 'yan'uwa mata a jingine kamar tsofaffin sarautun baron na Ingila. Ta haka ta bar gidan Erskine ta bi ta Goodeve da Young da Lane. Margaret ta zama magajiya ne bayan rasuwar ɗan'uwanta a 1967, tana cikin masu sarautar gado 92 da suka rage a Majalisar Dattawa bayan gyaran 1999, ta yi ritaya a 2020, magajiyarta kuma 'yarta ce tilo, Susan. Ta 1565 tana tafiya tare da Kellie ta tsatson maza kaɗai, mai riƙe da ita ne shugaban dangin Erskine. Ya rasa kujerarsa ta gado a 1999, aka ba shi ta iya rayuwa a 2000 da sunan Baron Erskine na Alloa Tower. In tsatson maza ya ƙare a wannan gidan, sarautar 1565 ta mutu ke nan, ba za ta tsallaka wajen magadan Margaret ba.