Musayar waƙa: wa ke riƙe da allurar gyaran kundi?

Malam Mai Tawada:
Assalamu alaikum. Batun wannan mako gyaran kundin tsarin mulki. Ƙwar huɗu za mu yi, amsa-amo "ra". Wanda ya karya, shi ke buɗe zaman mako mai zuwa.

Da sunan Allah nake buɗewa,
Batun kundi muke taɓawa,
Riga ce da ƙasa ke sanyawa,
In ta matse, tilas a gyara.

Amurka a 1787 ta ɗinka tata,
Sai ga ƙorafi daga jihohinta,
Ba a ga haƙƙin jama'a a rubutunta,
Faci goma a 1791 aka ƙara.

Na farkonsu ya ce baki a sake shi,
Addinin mutum kar a taɓa shi,
Ɗan jarida da alƙalami a bar shi,
Taron lumana hukuma ta haƙura.

Yau gyare-gyare 27 gare su,
Na 13 ya kwance wa bayi sarƙarsu,
Na 19 ya ba mata ƙuri'arsu,
Wa zai ce gyara bai yi nasara?

Na 18 a 1919 ya haramta giya,
Masu fasa-ƙwauri suka samu hanya,
A 1933 na 21 ya mai da shi baya,
Gyara ne ya zo ya warware gyara.

'Yar Alƙali:
Allah gafarta Malam, na ji batunka,
Amma akwai rami a hanyarka,
Na 15 ka tsallake a lissafinka,
Shi ne wanda ya sha dogon jira.

A 1870 aka rubuta,
Kar a hana ƙuri'a don launin fata,
Jihohin kudu suka ƙi, suka ɓata,
Suka ɓullo da sabuwar dabara.

Sai ka biya haraji sannan ka jefa,
Ko gwajin karatu ya harɗe ma ƙafa,
Sai a 1965 aka zo aka kafa
Dokar da ta sa zaluncin ya sarara.

Shekara 95 ke nan, Malam, haƙƙin yana kwance a takarda, masu shi na tsaye a waje.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, ni ma ina da shaida,
Kundin 1999 namu na gida,
Gyaran 2018 ya yi mana fa'ida,
An rage shekarun shiga takara.

Shugaban ƙasa da 40 ake nema,
Yanzu 35 ta isa a ba ka dama,
Ɗan majalisar wakilai shi ma,
Daga 30 zuwa 25 aka tsara.

Na ƙirga shekaruna sun isa,
Na ce bana zan bauta wa ƙasa,
Ashe tafiyar da sauran nisa,
Kuɗin fom kaɗai ya fi ƙarfina.

Malam Mai Tawada:
Auta, ina "ra" a cikin "ƙarfina"? Mako mai zuwa naka ne.

Ɗan Autan Zaure:
Aljihu ne ya karye, Malam, baitin ya bi shi.

Baba Tsohon Akawu:
Tun ɗazu ina jin ku kuna yabon faci, babu wanda ya tambayi wa ke riƙe da allurar.

Yara, ku saurari ta tsoho,
Ba kowane gyara ake busa wa ƙaho,
Wani tela ka ce ta matse, ya ce oho,
Jikinsa yake aunawa, ku yi hattara.

Rediyo a kunne, ina zaune,
2006 ce, watan Mayu ne,
Wa'adin Obasanjo na uku aka ce gyara ne,
Dattawa suka watsar da shawara.

An cusa shi cikin ƙuduri mai yawa,
Har da gyare-gyaren da ake ta nemawa,
Duk suka bi shi zuwa kushewa,
Garin neman gira aka yi asara.

A Nijar Tandja ya ce tazarce,
Kotun tsarin mulki ta ce ɓarna ce,
Ya rushe ta don ta ƙi ta kauce,
Sabon kundi a 2009 ya tsara.

Wata shida da 'yan kwanaki,
Fabrairun 2010, ana zaman aiki,
Sai ga soja sun shigo da kaki,
Kundi da kujera duk suka yi ƙaura.

Compaoré, shekara 27 a karaga,
Sashe na 37, na iyakar wa'adi, ya so ya yaga,
Burkina a 2014 ta ja daga,
Aka cinna wa majalisa wuta, ya yi hijira.

Wasu sun yi, kuma ta zauna,
Yuganda a 2005, ku tuna,
Kamaru a 2008, sannan Caina,
A 2018 ta zuba iyakar wa'adi a shara.

Malam Mai Tawada:
Baba ya fasa ƙwai. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yar Alƙali, fagen naki ne.

'Yar Alƙali:
Baba, Allah ya ja da ranka,
Allurar nan ita ce dai ta Amurka,
Roosevelt ya ci sau huɗu, sai aka ɗinka
Na 22: sau biyu ka yi, ba ka ƙara.

Da marigayi 'Yar'aduwa ya kwanta jinya,
Bai bar wasiƙa ba, ƙasa ta rasa hanya,
Gyaran 2010 ya sa ƙa'ida ɗaya,
Kwana 21 mataimaki zai jira.

In sun cika shugaba bai rubuto ba, majalisa ce za ta miƙa wa mataimaki riƙon ƙwarya. Ka ga gyaran da ya taƙaita wa mai mulki.

Shi ya sa aka sa wa ƙofar sakata,
Sashe na 9 namu ya fayyace ta,
Biyu bisa uku a tarayya su yarda da ita,
Jihohi 24 su bi, sannan a fara.

In Babi na 4 ake son taɓawa,
Inda haƙƙin ɗan Adam ke zaunawa,
Huɗu bisa biyar ake nemowa,
An ƙara nauyi don ta gagara.

Jamus ta ga abin da ya same ta,
Mutuncin ɗan Adam ta killace a kundinta,
Ko majalisa duka ta haɗa kanta,
Sashe na 79 ya ce nan ba a gyara.

Indiya kuwa kotun ƙoli ce ta tsaya,
A 1973 ta shata iyaka ɗaya,
Ku yi faci, ku canza wuya,
Amma tushen kundin ba a sara.

Baba Tsohon Akawu:
'Yata, sakata ba ta tambaya,
Ɓarawo ne ko mai kawo kaya,
A Maris 2022 matan Najeriya sun sha wuya,
Ƙudurorinsu biyar aka ƙi, suna ta kira.

Maris 2023, kafin a daɗe,
Sai ga ƙofar nan ta buɗe,
Lantarki, dogo, kurkuku a haɗe,
Aka ba jihohi su ma su tsara.

Ban ce wannan laifi ne ba, jihohi su yi wuta mu gani a ƙasa. Amma na lura in iko za a raba tsakanin masu iko, sakatar ba ta tsatsa.

Babi na 2 ya yi zancen ilimi kyauta,
Da magani da matsuguni, duk an rubuta,
Sashe na 6 ya ce kotu kar ta saurare ta,
Wa zai kai allura ga wannan gyara?

'Yar Alƙali:
Wannan kam, Baba, ba zan amsa da gaggawa ba. A ba ni mako.

Malam Mai Tawada:
An ba ki. Auta, kai ke da bashi, ka buɗe mana da Babi na 2.

Ɗan Autan Zaure:
Na karɓa, Malam. Amma amsa-amon nawa "na" ne, don "ƙarfina" ta samu wurin zama.