Waɗanda suka rage ƙiba kuma ba ta dawo ba, da me kuka fara?

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema wurin waɗanda suka taka wannan hanya da ƙafarsu. Makon jiya ciwon gwiwa ya kai ni asibiti, aka ɗora ni a sikeli, kilo 94, tsayina kuwa mita 1.62. Likita ta lissafa ta ce BMI ɗina, wato awon nauyi gwargwadon tsayi, ya kusa 36, alhali daga 30 ake sa mutum a sahun masu ƙiba sosai. Jinina ma ya fara hawa. Tun haihuwar autana, shekara uku ke nan, jikin ya ƙi komawa. Ba na so in fara abin da zan yasar bayan sati biyu.

Hajiya Asabe, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin komai, don Allah ki nisanci shayin nan na rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp. Ni na sha. Kwana goma ina zarya tsakanin ɗaki da bayi, sikeli ya nuna kilo huɗu sun tafi, har ina murna. Ranar wani kamu a Rigasa jiri ya kwashe ni a tsakiyar mutane, na farka da ƙarin ruwa a hannu. Likitan ya ce yawancin irin shayin nan ganyen filasko ne a ciki, ruwan jiki yake zubarwa, kitsen yana nan inda yake. Ko wata ba a yi ba kilo huɗun suka dawo.

Baban Sadiq, Kawo:
Maman Ilham, ni da abin sha na fara, ban taɓa abinci ba tukuna. Shagon yadi gare ni a kasuwar Sheikh Gumi, kuma lokacin zafi nakan sha lemon roba uku kafin la'asar. Wata rana babbar 'yata ta karanta bayan robar, ta ɗauko kofin gilashi ta riƙa zuba suga da ƙaramin cokali tana ƙirgawa a gabana, sai da ta kai sha uku. Ta ce, "Baba, wannan na roba ɗaya ne." Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini guda, in ya tsaya a shida ya fi. Daga ranar na koma ruwa, da zoɓon da uwargida ke yi mini da citta da kanumfari ba suga. Wurin mai shayi ma na ce ya rage hannu. Wata biyar, kilo bakwai. Satin farko na sha ciwon kai, ba zan ɓoye miki ba.

Ummu Khalil, Barnawa:
Anti, nawa ya fi kama da naki, bayan haihuwa ne. Sau biyu ina daina tuwo da shinkafa gaba ɗaya, sau biyu ina karyewa, domin ni ke girka wa mutum takwas, ba zai yiwu in ɗora tukunya biyu kullum ba. A karo na uku sai na bar abincin gidan yadda yake, na canza yadda nake ci. Na daina sa hannu a faranti ɗaya da yara, don a nan ba ka sanin iya abin da ka ci, kuma ragowarsu ni ke sharewa wai kada a yi almubazzaranci. Na samu ƙaramin kwano nawa. Malmala ɗaya maimakon biyu, miyar kuka ko taushe kuwa in cika ta. Manja da man gyaɗa na daina tuttulawa daga galan, da cokali nake aunawa, tunda babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Da rana kwaɗon zogale ko rama, ko faten wake. Awara ina dafa ta cikin miya maimakon suya.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne bakin mutane. Da na sauke kilo takwas, surukata ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko yaron nan ya daina kula da ke ne?" Raina ya sosu, na san kuma ƙauna ce ta sa ta tambaya, a wurinsu cikar jiki ita ce shaidar kwanciyar hankali. Sai da na nuna mata katin awon jinina na da da na yanzu ta sa mini albarka. Ki shirya amsarki tun yanzu.

Sista Rahila, Malali:
Aikin jinya nake yi, ni ma na sauke kilo 11 cikin shekara ɗaya. Maman Ilham, kada ki sa ido a kan saukowa har kilo 60. Rabin kilo zuwa ɗaya a mako shi ne saurin da ke ɗorewa, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, wato kilo biyar zuwa tara, ya isa ki ga canji a awon jini da gwiwa. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugu, ga mace in ya wuce santimita 88 haɗarin ya yi yawa. Akwai watan da sikelina ya tsaya cak, amma zanena yana ta sassautowa. In an ba ki maganin hawan jini kada ki ajiye shi don kin fara ramewa, sai likita ta ce.

Maman Nana, Unguwar Sarki:
Tafiyar minti 150 a mako ake so, mu minti talatin muke yi sau biyar. Ni da maƙwabtana biyu bayan asuba, da hijabanmu da kambas, ranar Asabar kuma Murtala Square. Saboda ciwon gwiwarki, ki fara da minti goma.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri. Na aiki Ilham ta aro tef, 104 ya nuna. Katan ɗin maltina da ke ƙarƙashin gado na bayar yau. Maman Nana, ƙarfe nawa kuke haɗuwa ranar Asabar, kuma ta wace ƙofa?