Abin da aka tsayar a kan kallon wasannin kwaikwayon talabijin na Hong Kong na harshen Kantonis

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara da masu kallo suka yi a kan yadda ya fi kyau a kalli waɗannan wasanni da kuma tashar da ta fi.

1. Kusan kowa ya yarda: a kalla da muryar asali ta Kantonis, wato Sinancin da ake yi a Hong Kong. A kwafin da aka ɗora wa muryar Mandarin (babban harshen China), baki ba ya tafiya da magana, barkwancin ma mutuwa yake, don da yawa daga cikinsa wasa da kalmomin Kantonis ne. A saurari minti biyu na farko don a tabbatar Kantonis ne kafin a sauke duka.

2. Sabon shiga ya fara da mai fitowa 20 zuwa 30, kowace kamar minti 45. Na 'yan sanda, lauyoyi ko likitoci sun fi sauƙin bi. Na rikicin gado a gidan attajirai sunaye sun yi yawa, kuma ɗan wasa ɗaya na da sunan Sinanci da na Turanci, nan mutane ke ruɗewa.

3. Manhajar myTV SUPER, wadda tashar talabijin ta TVB ke da ita, ta mazauna Hong Kong ce. Na waje su nemi manhajar TVB Anywhere, su duba ko wasan yana da fassarar Turanci a ƙasa, don ba duka ke da ita ba.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce TVB, da ta buɗe a 1967, ta gama yayinta tun zamanin da ajin horonta ya fitar da taurari irin su Chow Yun-fat da Tony Leung, yanzu maimaita labari take. Sun fi son tashar ViuTV da ta fara a 2016, shekarar da wata tsohuwar tasha, ATV, ta rufe. Wasu suka ce har yau ba mai kamo TVB a wasan iyali, ni ma nan na karkata.

5. Labarin soyayya ko rabuwar taurari, a jira daga bakin mai shi kafin a yaɗa.