Wace bes zan saya?

Sabon Shiga: Salam ƴan uwa, na gaji da aron jita ina so in sayi bes (jitar nan mai kaurin sauti) tawa ta kaina, amma hannuna ƙarami ne kuma a tsaye nake kiɗa. Dan Allah a ba ni shawara.

Dattijon Zaure: Wa'alaikassalam ƙanena. Ni dai Precision, ba canji. Tun 1951 kamfanin Fender ke yin ta, fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) ɗaya maɓalli biyu shikenan, ka jona ka kaɗa, sautin nata da kauri yake zama daram ƙarƙashin ganga. Shahararren makaɗin bes James Jamerson ma da ita ya yi kiɗan kamfanin waƙoƙi na Motown a Amurka. In aljihu bai kai ba ga Squier nan, ƙanwarta ce.

Mai Yatsa Biyu: Baba a gafarce ni, ya ce fa hannunsa ƙarami, wuyan Precision akwai faɗi. Jazz Bass da ta fito 1960 ta fi siriri, wajen kai milimita 38 ne, fikof biyu, sai dai in ka rage ɗaya za ka ji ɗan zuuu a amfilifaya, haka take ba lalacewa ba ce.

Ɗan Gayu: Ku kullum Fender Fender. Abokina nemi Ibanez SR, ba nauyi, wuya kamar sanda, ka wuni tsaye kafaɗa ba ta san an yi ba. Yamaha TRBX ma ba laifi. Amma yawancinsu masu batir ne irin bes ɗin StingRay, batirin volt 9, ranar da ya mutu ana tsakiyar wasa sauti ya fara kakarewa ka ga ido, ka riƙa yawo da wani batirin na ajiya a jaka.

Dattijon Zaure: Dalilin da ba na son mai batir ke nan!

Sabon Shiga: To tsirkiya huɗu ko biyar?

Mai Yatsa Biyu: Huɗu tukuna. Ta biyar ita ce mai sautin B na can ƙasa, tana ƙara wa wuyan faɗi kuma sai ka iya danne ta kar ta yi ta gunaguni. Akwai ma gajeru masu tsawon tsirkiya inci 30 maimakon 34 kamar Mustang, in ka samu ka rataya ta ka gwada miƙa yatsu daga firet (ƙarafan da aka jera a wuyan bes) na ɗaya zuwa na huɗu.

Sabon Shiga: Na gode, SR da Mustang ɗin zan fara gwadawa. Baba kar ka yi fushi.

Dattijon Zaure: Za ka dawo ne.