Neman shawara: ciwon gwiwar Inna yana saukowa har saman ƙafa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifiyata. Muna Pantami a nan Gombe. Shekarunta 58, tana da jiki, tana shan maganin hawan jini. Sana'arta suyar ƙosai, tun asuba tana kan kujera 'yar tsugunno sai hantsi. Kusan mako 3 ke nan gwiwarta ta dama take ciwo. Da farko a gwiwar kaɗai yake, yanzu yana bin gefen ƙauri ta waje ya sauka har saman ƙafa, wani lokaci ta ce kamar ana tsira mata allura. An yi mata allura a kemis, an kuma haɗa mata ƙwayoyi a leda, ta ɗan samu sauƙi, ya sake dawowa. Wasu maƙwabta sun ce sanyin ƙashi ne, a yi tausa da man zafi. Wasu sun ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Me ke kawo irin wannan, kuma me ya kamata mu yi?

Ma'aikaciyar jinya:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kafin kowa ya sa hannu ya yi mata tausa, ki fara duba abu ɗaya yau ɗin nan. Ki samo tef ɗin tela. A ƙasan ƙoƙon gwiwa akwai wani ɗan tudun ƙashi, ki auna santimita 10 daga nan zuwa ƙasa, ki zagaye sha-raɓa da tef a daidai wurin. Ki yi wa ƙafafun biyu haka. Idan mai ciwon ta fi ɗayar da sama da santimita 3, ko ta fi ta ɗumi, ko ta yi tauri tana zafi in an danna, to ana zargin gudan jini ne ya toshe jijiyar jini ta ciki. Wannan ba a murza shi ko kaɗan, domin gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Asibiti ake zuwa a ranar, a yi sikanin jijiyoyin jini da ake kira dofla. In kuma aka ga haki, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, to sashen gaggawa kai tsaye ko da tsakar dare ne.

An fi samun gudan jini bayan doguwar tafiya a mota, irin daga Gombe zuwa Abuja ƙafa a lanƙwashe, ko bayan tiyata, ko doguwar jinya a kwance, ko ga mai ciki da mai jego. Sai kuma gwiwar da ta kumbura ta yi ja, tana zafi rau tare da zazzaɓi, mutum ya kasa lanƙwasa ta. Ita ma ba ta kwana a gida, ƙwayoyin cuta ne a cikin gaɓar, suna iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.

Likitan fisiyo:

Ni aikina gyaran gaɓoɓi ne ta hanyar motsa jiki, kuma na goyi bayan Malama. In an auna babu kumburi, ga inda hankalina ya karkata. Ciwon da asalinsa gaɓar gwiwa ne yakan tsaya a gwiwar, ko ya ɗan gangaro saman ƙauri. Zugi yake yi, ya fi tashi wajen hawa matakala, tsugunno da miƙewa daga sujada, gwiwar tana ƙas-ƙas, da safe ta sandare amma ta saki kafin minti 30. Ba ya kawo tsirar allura a saman ƙafa. Duk ciwon da ke tafiya a layi ɗaya, yana raɗaɗi ko yana fizga, yana barin fata ba ta jin taɓi, to jijiyar laka ce ake matsewa a wani wuri.

Wurare 2 ake fara zargi. Na farko gadon baya. Babbar jijiyar ƙafa daga ƙasan baya take fitowa, ta bi ta mazaunai da bayan cinya, ta rabu biyu a bayan gwiwa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai faifan guringuntsi, in ya turo ya danne saiwar jijiyar, sai a ji ciwon can ƙasa. Kamar wayar wuta ce, a jikin turke ta sami matsala amma ƙwan ɗaki ne ke kyafta ido. Shi ake kira sayatika, kuma mutum zai iya samunsa bayansa bai dame shi sosai ba. Hanyar da ciwon ya bi tana nuna saiwar da aka danne, kuma kowace saiwa ana kiranta da lambar ƙashin bayan da take fitowa a wajensa. Gaban cinya zuwa gwiwa da cikin ƙauri, saiwa ta L4. Gefen ƙauri ta waje zuwa saman ƙafa da babban yatsa, ta L5, wadda ta yi daidai da bayaninki. Bayan sha-raɓa zuwa diddige da ƙaramin yatsa, ta S1.

Wuri na biyu a gwiwar ne, amma ba cikin gaɓar ba. Ki shafa gefen gwiwa ta waje, ƙasa kaɗan, za ki ji wani ƙullin ƙashi. Reshen jijiyar yana zagaye wuyan wannan ƙashi, fata ce kawai a kansa. Doguwar tsugunno, harɗe ƙafa, da tanƙwashe ƙafa a tabarma na awanni duk suna matse shi, kuma layin ciwonsa kusan ɗaya ne da na L5. Zaman Inna a gaban kasko zai iya jawo ko wanne a cikinsu.

Ga gwajin da za ku yi a gida, a hankali. Ta kwanta rigingine a shimfiɗa mai tauri, ki ɗaga ƙafar a miƙe ta diddige. In ciwon nan nata ya harbo ya wuce gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, tsakanin digiri 30 zuwa 70, baya ake zargi. Jan tsoka a bayan cinya kaɗai ba ya cikin lissafi. Ki tambaye ta ko tari, atishawa ko yunƙuri a bayi suna harba ciwon. Sannan ki ƙwanƙwasa wuyan ƙashin can da yatsa, ki ji ko wani abu zai tsarga mata zuwa ƙafa. Na ƙarshe, ta dafa bango ta taka da diddige taku 5, ta kuma taka da yatsu taku 5. Ki dawo mana da abin da kika gani.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na auna, bambancin bai kai santimita 1 ba, babu ɗumi, babu zazzaɓi. Da na ɗaga ƙafar ko rabi ban kai ba ta ce in sauke, ya harba har yatsa. Ta ce atishawa ma tana ji, kuma ashe mazauninta na dama ya daɗe yana mata nauyi. Ƙwanƙwasa gefen gwiwa bai yi komai ba. Da yatsu tana takawa, amma da diddige ƙafar dama ba ta ɗaguwa kamar ta hagu, silifas ma yana suɓuce mata. Ƙwayoyin kala 4 ne, babu kwali.

Likitan ƙashi:

'Yar'uwa, wannan bayanin ya fi nuna saiwar L5 a gadon baya, kodayake sai an duba ta ido da ido za a tabbatar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne silifas da ke suɓucewa. Ciwo kaɗai ana iya haƙuri da shi a gida, domin yawancin masu sayatika suna samun sauƙi cikin mako 4 zuwa 6 ba tare da tiyata ba. Amma rauni alama ce cewa tsokar da ke ɗaga ƙafa ta fara rasa saƙo. Don haka kada ku jira mako 6. Ku kai ta cikin kwanakin nan, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, a gwada ƙarfin ƙafar a rubuta, domin a san ko yana ƙaruwa ko raguwa.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba ta sani ba, bayan gida ya kuɓuce, ta daina jin taɓi a matse-matsi da wurin tsarki, ciwon ya koma ƙafa biyu, ko ƙafar ta saki gaba ɗaya tana jan ta a ƙasa. Wannan matsewar jijiyoyin ƙarshen laka ce, awanni ake lissafawa. Ki tambayi Inna maganar fitsari da kanki a keɓe, dattawa sukan ɓoye saboda kunya.

Game da hoto, na ƙashi ba ya nuna faifai ko jijiya, hoton na'urar da ake kira MRI, mai nuna nama da jijiyoyi, shi ne ke nunawa, kuma likita ne zai ce ko lokacinsa ya yi. Ina jan kunne a kan abu ɗaya: kusan duk mai shekarun Inna in aka ɗauki hoton gwiwarsa za a iya ganin alamar zaizayewa. Sai a ɗora laifin a kan gwiwa, a yi ta magani, asalin ciwon yana baya. Ku faɗa wa likita duk abin da kika rubuta nan. Ku kuma faɗa masa inda aka yi allurar. In a mazaunai ne kuma aka kauce wa kusurwar sama ta waje, allura tana iya taɓa jijiyar, musamman in sai da aka yi allurar raunin ya fara. A gwada sukari ma, kodayake na ciwon sukari ya fi kama ƙafa biyu lokaci ɗaya, daga yatsu ya hauro, da raɗaɗin dare. In tana rama, ko gumin dare, ko ciwon na hana ta barci a kowane irin kwanciya, a ambata, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya.

Mai harhaɗa magunguna:

Ƙwayoyin ledar nan su ne damuwata. Irin wannan haɗin sau da yawa akan tarar da maganin ciwo iri 2 daga gida ɗaya, kamar diclofenac da piroxicam ko ibuprofen, a ƙara da prednisolone ko dexamethasone. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, haɗari yake ninkawa: gyambon ciki mai zubar da jini, rauni ga ƙoda, ga kuma hawan jini da zai ƙi sauka duk da tana shan maganinsa. Ku koma ku tambayi sunan kowace ƙwaya, ku tafi da ledar asibiti. In akwai prednisolone ko dexamethasone kuma ta kusa mako 3 tana sha kullum, ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage a hankali. In kun ga bayan gida baƙi ƙirin, asibiti nan take.

Kafin ku ga likita, paracetamol ya fi aminci: ƙwaya 2 masu miligiram 500, duk bayan awa 6 zuwa 8, kuma a shekarunta gara kada ta wuce giram 3 a yini, wato ƙwaya 6. A duba magungunan mura, da yawa akwai paracetamol a ciki. Ibuprofen ba na mai hawan jini ba ne sai likita ya amince. Man diclofenac na shafawa yana amfani ga ciwon gaɓar gwiwa, sau 3 zuwa 4 a rana a fata marar rauni, amma ba ya kaiwa saiwar jijiya a baya. Tramadol da pregabalin kuwa kada wani ya ba ku a kan kantar kemis, suna sa jiri da faɗuwa, suna kuma kama jiki.

Likitan fisiyo:

Ga abin yi a gida kafin ranar asibiti. Kada ta kwanta wuni guda, kwanciya ta fi kwana 1 ko 2 tana ƙara sandarar da baya. Ta riƙa tafiya a tsakar gida minti 5 zuwa 10, sau 3 ko 4 a rana, da takalmi mai rufe diddige, a ajiye silifas don gudun tuntuɓe. In za ta riƙe sanda, a hannun hagu, tunda dama ce mai ciwo, tsawonta ya zo daidai wuyan hannu in ta saki hannu a tsaye.

Kujera 'yar tsugunno ta huta tukuna. Zama a ƙasa-ƙasa, gwiwa ta fi ƙugu tsayi, baya a ranƙwafe, shi ne zaman da ya fi takura wa faifan baya. In suyar ta zama dole, a ɗaga murhun a kan bulo, a ba ta kujera mai jingina wadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tsayi, a naɗe tawul a sa a kwarin baya, ta miƙe duk bayan minti 20 zuwa 30. Jarkar ruwa da buhun wake yara su ɗauka.

Kwanciya: a gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Gashi da ruwan ɗumi a ƙasan baya minti 15 zuwa 20, ki fara gwada zafin a hannunki. Kada a gasa inda ba ta jin taɓi, za ta ƙone ba ta sani ba.

Motsa jiki 2 sun isa yanzu. Ta kwanta rub da ciki minti 2, in ta jure ta tokare da gwiwar hannu minti 1 zuwa 2, sau 3 a rana. Sai kuma tana zaune ta riƙa ɗago yatsun ƙafa sama sau 10, safe da yamma. Ma'aunin shi ne wannan: in ciwon yana janyewa daga ƙafa yana komawa mazaunai ko baya, hanya ta yi kyau ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. In yana ƙara gangarowa ƙasa, a tsaya. Kada a sa ta sunkuya ta taɓo yatsu da sunan miƙa jijiya, fusata ta yake yi. Sallah kuma ta yi a kan kujera, ai akwai sauƙi ga marar lafiya.

Mai tambaya:

To maganar ƙaho da tausa fa? Goggona ta riga ta aika wa wanzami.

Ma'aikaciyar jinya:

Ki ba Goggo haƙuri cikin ladabi, ki ce a bari a ga likita tukuna. Ƙaho a gwiwa ba ya isa inda aka danne jijiyar, kuma tsaga a fatar da ba ta jin taɓi sosai, ga ba a gwada sukari ba, gyambo yake jawowa. Tausa mai sauƙi a tsokar baya da mazaunai babu laifi tunda babu kumburi, amma ban da taka baya, ban da fizgar ƙafa. Ranar asibiti ku tafi da ledar ƙwayoyin, da maganin hawan jininta, da takardar da kika rubuta awon ƙafafun. Ku je da sassafe ba ta karya ba, ko za a gwada sukari.