Sidi 6,000 ne a hannuna: in ɗauki kwamfutar i7 ɗin da aka nuna min a Adum, ko in haɗa tawa?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san cikin kwamfuta, don kuɗin da ke hannuna adashin wata 10 ne, makon jiya na kwasa, kuma in ya tafi a banza ban san ranar da zan sake tara irinsa ba.

Ina da ɗan shagon kwantena a Aboabo, nan Kumasi. Zane nake yi: katin aure, katin suna, kalandar makarantun Islamiyya, banar Maulidi, da fastar jana'iza ta maƙwabtanmu Asante, wadda galibi sai Laraba ko Alhamis ake kawo ta a ce lallai a gama kafin Asabar. CorelDRAW da Photoshop nake aiki da su. Kwanan nan kuma na fara karɓar bidiyon biki da aka ɗauka da waya, in yanka, in jera, in sa sunan ango da amarya.

Shekara 6 ke nan ina kan laftof guda mai RAM (ma'ajin aiki na wucin gadi) giga 4. In na buɗe bana mai ƙafa 10, sai in danna abu in naɗe hannu ina jira, mai aiki kuma na tsaye a kaina. Alhamis ɗin da ta wuce wata Hajiya ta zo karɓar katin sunan jikanta, ta zauna a benci fiye da awa guda, can ta ce, "Ɗana, bari in je in dawo." Har yau ban sake ganinta ba. Sa'ar mahaifiyata ce, kuma da ƙafa ta tako daga Asawase. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Jiya na shiga Adum, wani shago ya nuna min kwamfutar tebur da aka riga aka haɗa: Core i7, RAM giga 8, had-dis tera 1, katin girafik (mai sarrafa hoto) RX 580, akwatin gilashi mai fitilu kala-kala. Ya ce 5,000, kuma wai wani na zuwa ɗauka gobe. Gaskiya ta shiga raina. Monita, kibod da maus duk ina da su. In biya in ɗauko, ko kuwa in sayi kayan ɗaya bayan ɗaya a haɗa min? In haɗawa ce, me zan fara saya?

Mai Gyara:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ba da ko sisi tukuna. Koma ka ce ya kunna ta, ka karanto min lambar da ke bayan "i7" ɗin. Ka kuma leƙa ka ga sunan da ke jikin fawa-saflai, wato abin da ke raba wa kayan cikinta wuta.

Ɗan Aboabo:

Yaya, na je yanzu. i7-3770 ne. Fawa-saflai ɗin an rubuta 500W, amma sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba, kuma da na ɗaga irinsa da ke kan kanta sai na ji shi shafal, babu nauyi.

Mai Gyara:

To, Allah ya taimake ka da ka tambaya. Wannan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta 2012 ce, zubi na 3. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san zubinsa, kuma lambar farko ita ke faɗa: 3770 zubi na 3, 8500 zubi na 8, 12100 zubi na 12. Ƙaramar i3-12100 ta 2022 ta fi wannan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Ga shi RAM ɗinta tsohon DDR3 ne, madabod ɗinta kuma, wato faifan da ake jona komai a kai, in ta mutu sai dai ka bi kasuwa neman wata tsohuwar. Sannan Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. Akwai dabarar da ake yi a tura ta kan tsofaffi, ni ma ina yi wa mutane, amma ba zan so ka ɗora abincinka a kan dabara ba. Abin da aka yi a nan, an ɗauko tsohon ciki an sa masa sabuwar riga. Gilashin da fitilun nan kyan ɗan maciji ne.

Da ni ne da 6,000 da irin aikinka, Ryzen 5 5600G zan nema. Ta fito a 2021, ƙwayoyin aiki 6 gare ta, wat 65 take ci, kuma in sabuwa ce a kwalinta tana zuwa da fankarta. Babban abin shi ne harafin G ɗin nan: girafik na cikinta, ba ka buƙatar kati dabam, waya kawai za ka ja daga madabod zuwa monita. Ka kula sosai a nan, don akwai 5600 marar G, akwai kuma na Intel masu F a ƙarshe kamar 12100F. Waɗannan in ba ka sa musu kati ba, baƙin allo za ka gani. Na sha ganin yara sun saya don sun fi araha, su dawo suna cewa an sayar musu da matacciya.

Madabod kuwa mai soket AM4, A520 ta ishe ka, B450 ma ta yi. Sai dai wasu da suka daɗe a sito ba sa gane 5600G sai an sabunta musu BIOS (manhajar da ke cikin madabod ɗin kanta), saboda haka ka sayi firosesa da madabod a shago ɗaya, ka ce a haɗa a kunna a gabanka. Ka duba bayanta akwai ramin da ya dace da wayar monitarka, HDMI ne ko VGA.

Inda nake so ka saurare ni da kyau shi ne RAM. Giga 16, DDR4 3200, amma sanda 2 masu giga 8-8, kada ka yarda a ba ka sanda guda mai 16. Girafik ɗin cikin 5600G ba shi da rumbun kansa, daga RAM yake ɗiba. Sanda biyu kamar ƙofa biyu ce a masallacin Juma'a, sanda guda kuwa kowa ta ƙofa ɗaya zai kutsa. Bambancin za ka gan shi da idonka in kana jan hoto mai nauyi. In an haɗa, ka ce a shiga BIOS a duba ko yana gudu a 3200, don sau da yawa a 2133 ko 2400 yake tashi sai an kunna masa XMP, saitin da ke ba shi cikakken gudunsa. RAM ya yi tsada tun ƙarshen 2025, na sani, amma a nan ba a rage wa.

Had-dis mai juyawa kada ka ɗora Windows a kansa. SSD, wato ma'aji mai sauri marar juyawa, irin NVMe mai giga 500 ka saya. Kar ka biya kuɗin wanda aka rubuta Gen4, 5600G a Gen3 (PCIe 3.0) ta tsaya, ƙarin gudun ba zai iso gare ka ba. Akwati kowane iri, in dai iska na shiga ta gaba tana fita ta baya.

'Yar Nima:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Ni shagon buga takardu da fotokwafi nake da shi a Nima, nan Accra, shekara 9 ke nan. Ban kai Malam Mai Gyara sanin ciki ba, amma ina da ja kaɗan a kan maganarsa.

Kwamfutoci 3 ne a shagona, duk hom-yus ne, wato na hannu, na ofis, Dell OptiPlex 2 da HP EliteDesk guda, a wajen Circle na saye su. Irin waɗannan an yi su ne don su wuni a kunne. In ka samu OptiPlex 7060 mai i5-8500, zubi na 8 ce, tana ɗaukar Windows 11, tana da wurin NVMe, ka ƙara mata RAM ya kai 16, CorelDRAW ba zai ba ka wahala ba. Kuma za ka rage kuɗi mai kauri. Aibinta dai, wadda ba zan ɓoye maka ba, fawa-saflai ɗinta nata ne na musamman, ƙarami, wajen wat 200 a siraran, kuma babban kati ba ya shiga akwatin. Yadda ka saye ta kusan haka za ta tsufa.

Dalilin da ya sa nake so ka rage kuɗi shi ne wuta. Duk lissafin da kuke yi ban ji wanda ya ambaci UPS ba, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, alhali a Ghana muke, mun san dumso, yawan ɗauke wuta. Ɗaukewar wutar ma da sauƙi, dawowarta ce ke kisa, musamman da damina in ana tsawa. Ni na taɓa rasa aikin kwana 2 na wata makaranta, takardun jarrabawa, wuta ta ɗauke ina tsakiyar ajiyewa, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa har abada. Da kuka na sake buga shi cikin dare. Laftof ɗinka batirinsa ne ke rufa maka asiri duk shekarun nan ba ka sani ba, ta tebur ba ta da wannan. Ka nemi UPS mai daidaita wuta a ciki, 650VA ya isa in babu babban kati, zai ba ka 'yan mintoci ka ajiye aiki ka kashe. Kwamfuta da monita kaɗai za ka jona masa. Firinta mai leza kada ta kusance shi, tana jan wuta da yawa in tana ɗumama.

Abu ɗaya kuma ga duk mai sayen hom-yus daga Amurka. Wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Wutarmu 230 ce. Yayana ya taɓa aiko min da guda daga Bronx, na jona ban duba ba, sai ƙara da hayaƙi. A duba kafin a jona.

Ɗan Tafo:

Ni fa ban ga laifin RX 580 ba. Giga 8 ne, ina buga wasanni da shi lafiya lau, kuma tunda ya ce yana bidiyo ai kati zai taimaka masa. Ko ya sayi katin kaɗai ya sa a sabuwar?

Mai Gyara:

Ɗan Tafo, katin ba shi da laifi a zamaninsa, na 2017 ne. Amma wat 185 yake ci shi kaɗai, kuma da yawan waɗanda suka cika kasuwa sun fito ne daga masu haƙar kuɗin intanet, bayan Ethereum, ɗaya daga cikin irin kuɗin nan, ta daina haƙa da kati a Satumba 2022. Sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Wani ka dace, wani wata 3 ya fara zane-zane a allo. Kai wasan kwamfuta kake bugawa, in ya tsaya ka jira. Shi kuwa fastar jana'iza ce a hannunsa ranar Juma'a da dare. Bidiyon waya na 1080 da yake yankawa, 5600G za ta ɗauka. Ran da aikin bidiyo mai nauyi na 4K ya fara zuwa masa, ramin kati na nan a madabod yana jira, lokacin kuma aikin ne zai sayi katin.

Hajiya ta Nima, maganarki ta UPS gaskiya ce, kuma ni ya kamata in fara faɗa. OptiPlex ma ban ƙi ba, ina gyara su, suna da ƙarko. Abin da ya sa na karkata ga haɗawa, yaron nan aikinsa gaba yake yi, ina so ya samu abin da in wani sashe ya lalace zai shiga Adum ya sayo irinsa a kowane shago.

Ƙanena, saura fawa-saflai, kuma a kansa na fi ganin hawaye a bencina. Wannan marar nauyin da ka ɗaga, 500 ɗin a takarda kawai take. In ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da SSD. Ka sayi sabo a kwali, na kamfanin da aka sani irin Corsair, Cooler Master ko Seasonic, wat 450 zuwa 550, mai tambarin 80 Plus Bronze, da rasit da garanti a rubuce. Komai na cikin kwamfutar nan zan iya yarda ka saya hom-yus in an gwada, ban da shi da SSD. In kuma dole ta sa ka ɗauki tsohon SSD, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gabanka ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. In ka ga kaya a shafin Jiji ko Tonaton, kada ka tura kuɗi ta MoMo sai ka je ka gani a kunne.

'Yar Nima:

Na manta da ƙura. Kwantenarka in a bakin titi take, kada ka ajiye akwatin a ƙasa, ɗora shi kan tebur. In hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, duk wata ka buɗe gefe ka hure da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri, Yaya da Hajiya, har da kai Ɗan Tafo. Na kira mai shagon na ce ya sayar wa wancan mai zuwa goben.

Yau bayan Azahar na zaga shago 4 da takarda a hannu. In na ɗauki 5600G, A520, RAM sanda 2, SSD giga 500, fawa-saflai mai suna da UPS, kuɗin ya ƙare kaf, akwati bai samu ba. Wani abokina a Sawaba yana da tsohon akwati baƙi da ya ajiye, ya ce in zo in ɗauka, zan wanke shi in sa masa fanka guda. Tsofaffin ayyukana kuma zan ciro had-dis ɗin laftof in sa a ciki ya zama ma'aji.

Hajiya, na tsaya na kalli wata OptiPlex mai i5-8500 na daɗe, don da ita zan rage abin biyan hayar wata 2. Abin da ya hana ni shi ne bidiyon nan, ina ganin nan gaba shi zai fi kawo kuɗi, kuma ina son ramin katin ya zauna yana jirana.

Yaya Mai Gyara, tambaya ɗaya ta rage. A520 ɗin da na gani ramin RAM 2 ne kacal, akwai wata B450 mai rami 4 da ta ɗara ta da sidi 200, amma mai shagon ya ce sai ya sabunta mata BIOS. In na rage cin nama na mako 2 zan iya cikawa. Ta cancanci ƙarin, ko in tsaya a kan mai rami 2? Asabar da safe nake so in je a haɗa a gabana, in sha Allah.