Me ya sa Chile ta farfaɗo da wuri, Haiti kuwa ta daɗe a kwance?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana gine-gine. A ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Haiti, inda fiye da mutum 100,000 suka rasu, wasu kimanin miliyan ɗaya da rabi suka koma zama a tantuna. A ranar 27 ga Fabrairun wannan shekarar kuma wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, mai maki 8.8, ta afka wa Chile, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Shin talauci ne kaɗai ya haifar da wannan bambanci?

Injiniya Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Talauci yana ciki, amma ba shi ke nan ba. Ta Haiti ta tashi ne kusa da doron ƙasa, kilomita 25 kacal daga babban birnin, Port-au-Prince, inda jama'a suka cunkushe a gidajen bulo da aka ɗora wa rufin kankare mai nauyi ba tare da isasshen rodi ba. Chile kuwa ta sha wuya tun 1960, lokacin da girgizar Valdivia mai maki 9.5, wadda ba a taɓa auna irinta ba, ta ragargaza kudancin ƙasar. Shi ya sa suke da dokar gini mai tsauri, kuma abin da ya fi burge ni, a matsayina na wanda ya shekara yana faɗa da 'yan kwangila a kan rage siminti, shi ne ana bin dokar. Sannan a Haiti fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu sun rushe, wato gwamnatin da za ta jagoranci aikin farfaɗo da ƙasar ita kanta tana ƙarƙashin ɓaraguzai, ga rikicin takardun filaye da ya hana sake gini, ga cutar kwalara da ta ɓarke a watan Oktoba.

Malama Uwar Marayu: Ranka ya daɗe Injiniya, na gamsu, sai dai ina ganin ka tsaya a kan gini ka bar mutane. A girgizar Kobe ta Japan, ranar 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,000, mafi yawan waɗanda aka ciro da rai 'yan uwa da maƙwabta ne suka tono su, tun kafin jami'an ceto su iso. Bayan nan hukuma ta raba gidajen wucin gadi ta hanyar ƙuri'a, aka raba tsofaffi da unguwanninsu, har wasu suka riƙa mutuwa su kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani sai bayan kwanaki. An ba su muhalli mai kyau, amma an raba su da masu leƙo su da safe.

Ɗan Yerwa: Malama, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu a Maiduguri ba girgizar ƙasa ce ta same mu ba, ruwa ne, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Sojoji da ma'aikatan agaji sun yi ƙoƙari, amma a unguwarmu matasa da masu kwalekwale ne suka fara kwashe mata da yara, kuma dangi ne suka riƙe mu har ruwa ya janye. Abin da nake so Injiniya ya amsa mini shi ne, waɗanda gidajensu ke bakin kogin Ngadda, a mayar da su inda suke ne, ko a tashe su alhali sana'arsu da danginsu duk suna nan?